Yadda Aka Auna Ni a Birnin Rinjaye

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turaku, ya yanka wa kowane bawa tafiyarsa tun bai iya rarrafe ba. Ku gyara zama, masu goro su ci goronsu, ni kuwa in faɗa muku abin da idona ya gani a ƙasar da ba a jin labarinta sai a bakin fatake.

Sunana Mantau ɗan Anaruwa, mutumin Gangaren Gawo. Ba son yawo ne ya fitar da ni daga gida ba. Shekarar da fari ya cinye ƙasarmu, akwai hatsi a rumbunan hakiminmu wanda da an raba shi bisa adalci da ya kai kowa ga damina. Ba a raba ba. Hakimi ya ciyar da gidansa da surukansa da barorinsa, sauran gari ya koma cin tafasa da ɓawon itace. Na binne matata Marka da hannuna, na binne 'yarmu a bayanta. Ranar da nake dawowa daga maƙabarta na bi ta bayan bargar hakimi, na ji dawaki suna tauna dawa.

Bayan wannan ne wani falken gishiri ya ba ni labarin Birnin Rinjaye. Ya ce a can cikin sarki da cikin mai shara nauyinsu ɗaya, ba a yanke hukunci sai wanda zai rage kuka a gari. Na ce lalle in je in koyo wannan ilimi, ko da zan bar ƙasusuwana a hanya. Na ja ƙofar ɗakina, ban ma saka mata sakata ba, na kama hanyar gabas.

Na ƙetare dazuzzukan da itatuwansu ke nishi in iska ta kaɗa, na wuce garuruwan da ke gina gidajensu a kan rassan kuka, har na iso bakin Tafasasshiyar Fadama. Taɓo ne baƙi, iyakar ganinka, yana tafasa yana tururi kamar tukunyar talge. Ba jirgin da ke shiga cikinsa. Ana ƙetare shi ne a bayan wasu kunkuraye da suka fi zaure faɗi, waɗanda zafi ba ya ratsa fatarsu. A nan na shiga ayarin Madugu Korau, haifaffen Birnin Rinjaye, mutum mai sanyin murya, wanda ba ya sa loma a baki sai ya ga kowa ya samu.

Muna tsakiyar fadama, rana na bisa kai, sai kunkurun da ke gabanmu ya taka rami ya karye ƙafa. Kafin ya nutse muka jawo mutanen da ke kansa zuwa namu. Nauyi ya yi yawa. Taɓo ya fara hawowa gefen ƙoƙon bayan kunkurunmu, tururi na ƙona mana ƙafafu.

Madugu bai yi wata-wata ba, ya fara da kayansa. Ya tura ƙunshin alharini da hauren giwa da tulunan turare cikin taɓo. Wani attajiri ya rungume nasa kayan yana rantse-rantse, Madugu ya sa aka ɓanɓare shi aka jefa. A raina na ce, wannan shi ne abin da na fito nema. Amma kaya suka ƙare, taɓo bai daina hawowa ba. Mai jan kunkuru ya duba ya ce saura nauyin mutum ɗaya.

Sai Madugu ya riƙa bin mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, “Wa ka baro a gida?”

Wannan ya ce mata da 'ya'ya, wancan ya ce uwa makauniya. Da ya zo kaina na gaya masa gaskiya, na ce ban bar kowa ba. Kusa da ni akwai wani tsoho mai tari, mai fasa gishiri ne, shi ma ya ce nasa duk sun riga shi. Madugu ya dube ni, ya dubi tsohon, ya sake dubana. A lokacin ne na fahimci abin da tambayar take nufi.

Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, “Baba, ka gafarce mu. Shi wannan yana da sauran shekaru a gaba.”

Tsohon ya ƙanƙame igiyar da aka ɗaure kaya da ita. Ya ce, “Ni ban ce muku na gaji da duniya ba.”

Mutum biyu suka buɗe yatsunsa. Na rufe ido, amma ban iya rufe kunne ba. Kunkuru ya ɗago, ya ci gaba da tafiya, ba wanda ya ƙara mutuwa a cikinmu. Da muka taka busasshiyar ƙasa na ga Madugu ya koma gefe yana kuka kamar wanda ya rasa uba. Ya ga ina kallonsa, ya ce, “Da ni ne mafi ƙarancin masu kuka, da ni zan sauka.” Na yarda da shi, kuma yardar nan ce ta fi ba ni tsoro. Na so in juya, amma kunkuraye ba sa komawa sai bayan damina.

Haka na shiga Birnin Rinjaye, kuma falken gishiri bai yi mini ƙarin gishiri ba. Rijiya a kowace kusurwa, rumbuna ba kwaɗo, ban ga mai bara ko ɗaya ba. A gidan jinya na ga matar sarki kwance a tabarma ɗaya da matar mai kwasar juji, mai magani kuwa ya fara da wadda ciwonta ya fi tsanani. Na tsaya a ƙofa ina tuna Marka, hawaye ya jiƙa mini gemu.

Na sauka a unguwar marina, gidan wani fatoma, wato mai saukar da baƙi, mai suna Cindo, mutum mai fara'a da yawan magana. Matarsa Tabawa kuwa ba ta cika magana ba, kullum tana goye da jaririyarsu. Ban daɗe ba na lura da wani abu game da mutanen garin. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Kowa ka gani yana ɗauke da ƙwarya zai kai wa wani, suna ko biki ba ya wuce mutum ko da bai san masu shi ba. Suna murmushi, amma idanunsu na bin fuskarka kamar masu neman wani abu.

Na tambayi Cindo. Ya yi dariya, ya waiga bayansa, sannan ya rage murya. “Malam Mantau, nan garin ba dukiya ke tsare mutum ba, masu yi masa kuka ne. Ka yi aure, ka yi abokai, ka riƙa zuwa gaisuwar mara lafiya. Ka sa a saba da kai.”

Tabawa tana ajiye mini tuwo ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, “Ka yi su da sauri.”

Ban bi shawararsu ba. Zuciyata ba ta warke ba balle in buɗe ta ga wani. Na kama aiki a babban rumbun gari, ina koyon yadda suke lissafin bakuna kafin su taɓa hatsi, da yadda suke fara ba mai shayarwa da mai jinya. A nan nake wuni. Ba wanda nake sakewa da shi sai wani saurayi bebe mai suna Jatau, ɗan Barau Sarkin Majema, wanda ke zuwa karɓar rabon unguwarsu. Da hannu muke hira, ni da shi, shi ya sa ta yi mini sauƙi.

Abin da garin ke taƙama da shi kuwa shi ne Ma'auni. Yana tsakiyar birni ƙarƙashin wata ƙubba, an yi sandarsa da gungumen itace guda, an rataya masa tasoshin tagulla biyu, kowace bijimi zai iya wanka a cikinta. Mai kula da shi wata dattijuwa ce, Inna Shekara, ana ce mata Uwar Ma'auni. In magana ta taso sai ta tsaya gabansa ta faɗe ta. Nan take ruwa zai fara tsattsafowa cikin tasoshin. Na hagu hawayen da za a zubar ne in an aikata abin, na dama kuwa wanda za a zubar in an bari. Duk wanda ya fi sauƙi shi ake bi, ko a kan wa ya faɗa. Na ga ranar da aka rushe lambun ƙanin sarki aka haƙa rijiya a wurin, ba wanda ya ce uffan.

Ana nan, wata safiya aka tsinci gawar Jatau a bayan katangar marina, an yanka shi. Tsakanin majema da marina dama akwai tsohuwar gaba a kan ruwan rafin da suke tarayya. Kafin rana ta ɗaga majema sun taru a ƙofar Sarkinsu suna wasa wuƙaƙen kankare fata. Suka aika da saƙo cewa ko a ba su wanda ya kashe yaron kafin azahar ta gobe, ko su sa wa unguwar marina wuta da duk wanda ke cikinta. Majema sun ninka dogaran gari yawa.

Da hantsi ina tsaye ina auna gero, ina juyayin abokin hirata, sai dogarai biyu suka yi mini sallama cikin ladabi, suka ce Uwar Ma'auni na kirana.

Na same ta zaune a kan buzu ƙarƙashin ƙubba. Ta sa aka kawo mini fura mai sanyi, ta jira na kurɓa.

Ta ce, “Ɗana, na san ba kai ka kashe shi ba. Ba mu san wanda ya yi ba, kuma ba za mu gano shi kafin gobe ba. Ba na son in yi maka ƙarya, shi ya sa na kira ka da kaina.”

Ludayin ya suɓuce daga hannuna.

Ta tashi ta tsaya gaban Ma'auni ta ce, “In aka ce baƙon nan Mantau ne ya kashe Jatau, aka kashe shi a kan haka.” Ruwa ya tsattsafo a tasar hagu, bai ko rufe gindinta ba, ya tsaya. Ta dama kuwa ta riƙa cika, sandar na ƙara, har ruwa ya tumbatsa ya zubo ƙasa ya malalo inda nake zaune. Ya taɓa ƙafata. Da ɗumi yake, kamar yanzu ya fito daga ido.

Na nuna tasar hagu. “Ranki ya daɗe, wannan ɗan ruwan na wane ne?”

“Naka ne, da na matar mai masaukinka.”

Na ce, “Amma ban yi ba.”

“Yaran da ke unguwar marina ma ba su yi ba.”

Ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce, “An ba ni labarin abin da ya kawo ka. Hakiminku ya ga nasa sun fi na kowa nauyi, matarka ta mutu. Ka yi doguwar tafiya don ka sami garin da ba a yin haka. To ga ka a cikinsa. Yanzu kana so in ɗora ranka guda a kan na unguwa, don naka ne?”

Na ce, “Hakimi hana mu abinci ya yi. Ke kuwa za ki ɗora mini jinin da ban zubar ba, uban yaron ya tsine mini, wanda ya yi kisan kuma ya ci gaba da yawo a kasuwa.”

“Haka ne. Duk na faɗa wa Ma'auni wannan, ga abin da ya nuna.”

“Ki tambaye shi, in mutane suka san ba ni da laifi fa?”

Ta ce, “Ba za su sani ba. Shi ya sa nake so ka amsa da bakinka a gaban uban. In ka amsa, za a ba ka wani abin sha, barci kawai za ka ji. In ka musa, masu laifi ma suna musu, ba wanda zai saurare ka, kuma takobi ne.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na dubi fuskarta ina neman mugunta in riƙe, ban samu ba.

Aka kai ni wani ɗaki mai tsabta, aka shimfiɗa mini tabarma sabuwa. Wani dogari ya zauna yana koya mini abin da zan faɗa: inda na tare yaron, da irin wuƙar, da gefen wuyan da na yanka, da cewa a kan rabon hatsi muka yi faɗa. Na riƙa maimaitawa a bayansa. Na tuna tsohon fadama da yatsunsa a kan igiya, na dubi nawa yatsun. Can cikin maimaitawar na lura dogarin ya faɗa mini komai game da mutuwar Jatau, amma bai faɗa mini komai game da Jatau ba. Bai san na san shi ba. Na ce masa na yarda zan amsa.

Washegari da hantsi aka fito da ni dandalin da ke gaban ƙubba. Tun da na yarda, ba a ɗaure ni ba. Gari duka ya hallara, majema a gefe guda da wuƙaƙensu, marina a ɗaya gefen sun rungume 'ya'yansu. Aka ajiye ƙoƙon abin shan a kan turmi a gabana. Barau Sarkin Majema ya matso, ƙaton mutum, idanunsa sun kumbura.

Ya ce, “Kai ne?”

Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.” Na zayyana duk abin da aka koya mini. Na ji numfashin taron ya fara sauka, na ga wasu majema suna mayar da wuƙa kube. Inna Shekara ta sunkuyar da kai. Sai na ƙara da abin da ba a koya mini ba.

Na ce, “Abin da ke damuna shi ne roƙon da ya yi mini. Da na kama shi ya yi ta magiya, yana cewa in yi masa rai. Da ya ga ba zan bari ba sai ya kira ka.”

Barau ya tsaya cak. “Me ya ce?”

“Cewa ya yi, Baba, ka zo.”

Da ƙyar Barau ya ce, “Tun da aka haifi yaron nan nake jiran ya ce Baba. Bai taɓa cewa ba.” Ya matso har ina jin warin jima a rigarsa. “Wa ya sa maka magana a baki?”

Na ce, “Waɗanda suka manta su gaya mini cewa ɗanka bebe ne. Ni na san Jatau, ni nake auna masa gero. Ban taɓa shi ba. An ce in amsa don a kashe wutar da ke zuciyarka.”

Kafin ya juya sai wata murya ta tashi daga cikin marina. Tabawa ce, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Wana Nomau ma haka aka sa shi ya amsa. Ranar da aka ce ya yi kisa yana ɗakina kwance da zazzaɓi. Na sani, na yi shiru.” Wani tsoho daga cikin majema ya kira sunan maƙwabcinsa. Wata mata ta kira na mijinta. Sunaye suka riƙa fitowa ta kowane gefe.

Barau ya dubi Uwar Ma'auni. Ta miƙe tsaye, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, “Gaskiya suka faɗa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya tsare gidaje da yawa daga wuta, har da naku. Barau, ina roƙonka, ka ba ni lokaci in nemo wanda ya yi.”

Ina ganin da Barau kaɗai ne da ya saurare ta, domin ya saki wuƙarsa ta faɗi ƙasa. Amma wani daga bayansa ya yi ihu cewa ashe makashin yana nan cikin marina ana ɓoye shi. Taro ya ɓarke. Wasu suka yi kan ƙubba, mafi yawa suka yi kan marina. Abin da na gani na ƙarshe a dandalin shi ne Inna Shekara tana ture dogaran da suka kewaye ta, tana ce musu su bar ta, su je su kwashe yara.

Na ruga. Ban san wata hanya a garin ba sai ta masaukina, don haka ƙafata ta kai ni cikin unguwar da ake shirin ƙonawa. Na ji gudu a bayana, na faɗa filin rini, na ɗaga murfin wata rijiyar baba, ruwan shunin da ake rini da shi, na zura jikina ciki, na jawo murfin a kaina. Ruwan ya kai mini haɓa. Warinsa ya cika mini hanci, yana cin idona, na kafa yatsun ƙafa a bangon rijiyar don kada in nutse.

A nan na wuni. Ta ramukan saƙar murfin ina ganin ƙafafu na wucewa, wasu da takalmi, wasu ƙanana ba takalmi. Na ji ana dukan ƙofofi, na ji jinka na cin wuta, na ji mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Wani ya faɗi a kan murfin rijiyar da ke kusa da tawa, ya daɗe yana nishi kafin ya daina. Sau ɗaya wani ya tsaya daidai kaina yana haki, jini na ɗiga daga wuƙarsa ta cikin saƙar yana faɗowa a goshina. Na nutsar da kaina cikin baba har ƙirjina ya kusa fashewa. Da na ɗago ya tafi.

Sai da la'asar ihu ya yi nisa. Na fito ina rarrafe, jikina duka ya rine, baƙi mai shuɗi tun daga gashi har tafin ƙafa. Ko Cindo ba zai gane ni ba. Na bi ayarin marina masu gudu zuwa ƙofar gabas. Majema na tsaye a wurin suna duba fuskoki, suna neman baƙon da ya yi wasa da mutuwar ɗan Sarkinsu. Ɗaya ya riƙe ni, ya dubi hannuwana, ya ga shuni har cikin farce, ya hankaɗa ni waje tare da sauran.

Hanyar ta haura wani tudu. Mutane na zazzaune a gefenta, wasu da ƙuna, wasu riƙe da tabarma ko tukunya, abin da hannu ya iya ɗauka. A ƙarƙashin wata bishiyar ƙirya na ga Tabawa zaune ita kaɗai da jaririyarta a cinya. Na tsaya a gabanta. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni.

Na ce, “Uwargida, ina Cindo?”

“Ya tsaya a ƙofa don mu fita ta baya.”

Na zauna nesa kaɗan da ita. Daga nan ana hango birnin duka. Hayaƙi ya rufe unguwar marina, wuta ta tsallaka har rumbunan da nake aiki, ƙubbar kuwa ba a ganinta.

Ta ce, “Da aka fito da kai ɗazu, addu'a nake ka sha abin nan ka mutu salin alin, mu koma gida. Sai kawai na ji bakina yana kiran sunan Nomau.”

Na ce, “Kin yi da-na-sani?”

“Kada ka tambaye ni yau.”

Jaririyar ta fara kuka, ta ba ta mama. Can ta ce, “An ce Uwar Ma'auni tana nuna wa mutum tasoshin kafin a kashe shi. Ta nuna maka?”

“Ta nuna mini.”

“Ruwan tasar dama, ya kai wannan?” Ta nuna mutanen da ke bakin hanya da haɓarta.

Na dube su, tun daga gindin tudu har inda muke. Na ce, “Ya kai.”

“Ashe Ma'auni bai yi ƙarya ba.”

“Bai yi ba.”

Ta dubi hayaƙin. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido. “Amma ba kai ka kashe yaron ba.”

“Ba ni ba ne.”

Ta gyaɗa kai. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ashe ta ƙone a diddige. Ta miƙo mini jaririyar. Na ce hannuna zai ɓata mata zane, ta ce in karɓa kawai. Na karɓa, na ba ta kafaɗata ta dafa, muka bi bayan sauran mutane zuwa gabas, inda aka ce akwai wani gari a bayan duwatsu. Ba wanda ya san irin hukuncin da ake yi a can, ba kuma wanda ya tambaya.

Iyakar abin da ya same ni a Birnin Rinjaye ke nan, na faɗa muku shi yadda ya faru. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a cikinsa, da tsohon da muka bari a fadama.